Inda Rakiya Ke Tsayawa

A ƙasar Adar ba a barin matafiyi ya fita shi kaɗai. Wanda zai bar Allakaye zuwa cirani, ko Abijan ya nufa ko Legas ko Agadas, sai an raka shi har bakin mota. Ƙane ya ɗauki jaka, aboki ya saɓa buhun guzuri, tsohuwa ta biyo baya tana jero addu'a. A tasha kuwa ba mai hana kowa komai. Ana jingina da motar, ana hawa samanta a duba ko an ɗaure kaya da kyau, ana miƙa ƙullin goro ta taga bayan direba ya riga ya tayar da inji. Wani ma sai mota ta fara gangarawa zai kama ƙofa ya ɗane, karen mota ya bugi gefenta da tafin hannu, a wuce.

Da wannan tarbiyya maniyyacin Adar yake isa filin jirgin sama. Ya baro tuddan duwatsu na gundumar Buza, ya gangaro Madawa, ya hau kwalta ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 500 kafin ya ga Yamai. 'Yan rakiya tun a ƙofar waje aka tsayar da su. Daga ciki kuma wani yaro da bai kai ɗansa ba, sanye da riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa, zai tare shi ya ce: "Baba, nan za ku bi. Kada ku ƙetare layin nan. Ku riƙe hularku."

Abin yakan yi wa dattijo ciwo, kuma ba a ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana hawa manyan motoci, ya san Kwatano ya san Tamanraset, yau an jera shi a sahu kamar ɗan makarantar allo. Sai dai ɗan filin nan da ke tsakanin ƙofar ɗakin jira da matakalar jirgi, wanda sau da yawa bai fi taku ɗari ba, yana da dokokinsa, kuma tarihin dokokin a ƙasar Hausa ba ya rabuwa da tarihin hajji.

Kafin jirgi, wanda ya yi niyyar Makka daga wannan yanki gabas yake fuskanta ya sa ƙafa. Ya bi ta Katsina ko Damagaram zuwa Borno, ya zagaya tafkin Cadi, ya ratsa Wadai da Darfur, ya faɗa Kurdufan, ya ƙetare kogin Nilu, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai jira jirgin ruwan Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara abin da aka tara, a ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba. Wasu kabarinsu na kan hanya, wasu sun yi gida a Sudan, musamman bayan 1925 da aka buɗe gonakin auduga na Jazira masu neman hannu. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau jikokin mutanen ƙasar nan ne a cikinsa. Shi ya sa rakiyar alhaji ta yi nauyi a al'ada. A biya bashi, a nemi gafarar juna, a taka masa har garin gaba, don ba a san ko za a sake haɗuwa ba.

A shekarar da aka buɗe Jazira ɗin ne jirgin sama ya fara sauka a Kano. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka iso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa. Hanyar da suka biyo ta Khartum da Darfur da Cadi kusan ita ce hanyar alhazai, sai dai su sun cinye ta cikin ƙasa da mako guda. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani, daga 1940 dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau suka riƙa yada zango a Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta Masar. A ɓangaren Faransa kuma, Yamai da Damagaram sun zama zango tun shekarun 1930 ga jiragen da ke tasowa daga Aljeriya zuwa Kwango.

To, ya ake gargaɗin mutane a wancan zamani, alhali filin jirgi fili ne kawai a bakin gari, da hanyoyin ƙafa sun ratsa shi, masu jakuna da makiyaya suna bi? Amsar da Kano ta samo ta shiga katin gaisuwa ta zaga duniya. Hotunan shekarun 1950 suna nuna mutum bisa raƙumi, da rawaninsa, ya ɗaga kakaki sama yana busawa. Aikinsa ke nan: in jirgi ya kusa sauka ya busa, kowa ya janye kansa da dabbarsa daga titin. Turawan da ke wucewa sun ɗauke shi abin kallo. Amma duk wanda ya dubi abin da idon basira zai ga dabara ce babba. Ba Bahaushen da yake buƙatar a fassara masa kakaki. Tun yana goye ya san cewa in ya ji wannan sauti, babba na tafe, a kauce. Jami'in tsaron filin jirgi na farko da talakan ƙasar Hausa ya sani da harshensa ya yi masa magana, kuma tun daga ranar da aka sallame shi ba a sake samun gargaɗin da ya kai nasa shiga kunne ba.

Alhazai ba su daɗe ba suka biyo. A 1948 attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma da ake taƙaita sunanta WAPA. Da manyan motoci suka fara, daga baya harkar ta koma sama. Sunan ya tsira har yau a unguwar Fagge, a kasuwar 'yan canji ta Wapa, inda ɗan Adar da ya zo sayar da albasa yake canza saifarsa ba tare da ya san asalin kalmar ba. A Nijar kuwa hukumar ASECNA, wadda aka kafa a Disamban 1959, ita ta karɓi kula da zirga-zirgar sama. A 1961 Nijar ta shiga cikin ƙasashe 11 da suka sa hannu a Yawunde aka haifi Air Afrique, kamfanin da ya yi ta jigila har ya durƙushe a 2002. Air Niger ya zo a 1966 yana haɗa Yamai da manyan garuruwan cikin ƙasa.

Jiragen farko masu farfela ne, irin su DC-3, kuma haɗarinsu ido na ganinsa, aƙalla lokacin da suke tsaye. Zuwan injin jet, wanda Boeing 707 ya bazu da shi daga 1958, shi ya sauya lissafi. Injin jet ba ya nuna haƙora. Ganga ce kawai rataye a ƙarƙashin fiffike. Amma tana zuƙar iska ta gaba da ƙarfin da zai ɗaga ƙato daga ƙasa, tana feso ta ta baya da zafi da ƙarfin da zai kifar da mota. A jirgi matsakaici kamar Boeing 737, ko injin yana ɗan gurnani ne kawai ba a taka shi ba, duk abin da ya matso kimanin mita 3 daga bakinsa ya shiga hannunsa. Manyan jiragen da ke kwasar alhazai ɗaruruwa a sawu ɗaya, nasu da'irar ta fi haka faɗi. Farin zanen nan mai kama da naɗin gammo da ke tsakiyar injin ba ado ba ne. An yi shi ne don ma'aikacin da ya toshe kunnuwansa ya gani da ido cewa injin na juyawa.

Abin da ya gaji kakaki shi ne jar fitila. Akwai ɗaya a gadon bayan jirgi, ɗaya a ƙarƙashin cikinsa. Matuƙi yana kunna su kafin ya tayar da inji ko kafin a fara tura jirgin, ba ya kashe su sai injuna sun mutu. Muddin suna walƙiya, ba mai matsowa, ko ma'aikaci ne. Sai sun mutu a sa wa tayoyi waigi, kamar yadda karen mota ke yi wa gingimari a gangaren Buza, sannan a jera 'yan robobi masu tsini a bakin fukafukai da gaban injuna, sannan a turo matakala. Ranar ƙarshe ta shekarar 2022, a filin jirgin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, wata ma'aikaciyar kaya ta matsa kusa da jirgin da ya tsaya alhali fitilar tana ci, injin ya zuƙe ta. Mai aikin ce, ta san dokar. Ina ga wanda bai taɓa jin labarin fitilar ba?

Farfela ma ba ta tafi ko'ina ba, kuma ita ce ta fi kusa da mutanen Adar. Filin jirgin Tawa ba shi da rufaffiyar gadar nan da ake bi daga ɗakin jira a faɗa cikin jirgi kai tsaye, irin wadda aka fara amfani da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Jiragen da ke sauka a can, kamar na agajin Majalisar Ɗinkin Duniya, galibi masu farfela ne, kuma da ƙafa ake zuwa gare su. Haka 'yan ƙananan jiragen mishan da ke sauka a Galmi, garin albasa da ke kan hanyar Madawa zuwa Ƙonni, inda asibiti yake tun 1950. Farfelar jirgi irin ATR 72 ta kusa mita 4 daga baki zuwa baki, tana da wuƙaƙe shida, kuma in ta ɗauki gudu ido ba ya ganinta sam, sai ɗan hazo kamar na zafin rana a kan kwalta. Bayan an kashe inji takan ci gaba da juyawa shiru na ɗan lokaci. Ko ta tsaya cak ba a taɓa ta, don ƙaramin jirgi mai injin fistin yana iya harbawa in aka juya farfelarsa da hannu. Jirgi mai saukar ungulu kuwa ta gaba ake tunkararsa, inda matuƙi ke ganin mutum, a duƙe, ba a zagaya ta bayansa inda ƙaramar farfelar jela take.

Ta hagu ake shiga jirgi, al'adar da aka gada daga jiragen ruwa, kuma wannan kam bai kamata ya zama baƙon abu ga jikan mahaya ba, tunda doki ma ta hagu ake hawansa. Dama ta ma'aikata ce: motocin kaya, motar abinci, sau da yawa har tankar mai. Duk wanda ya zagaya can don ya tabbatar an loda jakarsa, kamar yadda ya saba a tashar Madawa, ya faɗa tsakiyar motocin da direbobinsu ba sa tsammanin ganin kowa.

Ƙarƙashin fiffike akwai inuwa mai daɗi, kuma a watan Afrilu, lokacin da farfajiyar ke tafasa, zuciya takan raya wa mutum ya fake. Fiffiken nan tankin mai ne. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne, kuma kusa da bakin fiffike akwai ƙofofin da tururinsa ke fita yayin da ake ɗura shi. Kafin a fara ɗurawa sai an haɗa tankar da jirgin da wata 'yar waya, don kada tartsatsi ya tashi tsakaninsu. Wanda ya taɓa jan bargo da daddare a tsakiyar hunturu ya ga 'yar wuta ta ƙyasta, ya san irin tartsatsin da ake tsoro. Daga nan hanin taba da ashana ya fito, da hanin shigo da risho cikin kaya, wanda alhazan da suka saba dafa shayinsu a hanya suka daɗe suna jin haushinsa.

Sai maganar hula, wadda yaron nan mai riga ruwan ɗorawa ya fara da ita. Suturar ƙasar nan sutura ce ta iska: babbar riga, rawani, gyale, mayafi, hular da aka ɗora ba a ɗaure ba. Ga kuma leda, wadda ta zama jakar kowa. Iskar hunturu ta fizge hula, mai ita ya bi ta da gudu ba tare da ya ɗaga kai ba, wannan shi ne abin da ma'aikatan fili suka fi tsoro. Hular ba ta kai ran mai ita ba, a bar wa ma'aikaci ya ɗauko. Amma ba za a bar ta a ƙasa ba, don a filin jirgi ba ƙaramin tarkace. Ranar 25 ga Yuli 2000, wani sillen ƙarfe da bai kai rabin mita ba, wanda ya faɗo daga wani jirgi a titin filin Charles de Gaulle na Faris, ya fasa tayar jirgin Concorde, ɓarɓashin tayar ya jawo fashewar tankin mai, mutum 113 suka mutu. A Yunin 2017 kuma, a Shanghai, wata tsohuwa mai shekara 80 ta watsa sulalla tara wajen injin jirgin da za ta hau don neman sa'ar tafiya. Ɗaya ya shiga ciki. Aka sauke fasinjoji kusan 150, aka shafe sa'o'i ana lalube. Kafin a yi mata dariya, a tuna cewa matafiyin Adar ma ba ya fita sai ya yi sadaka. Bambancin kawai shi ne tasa a ƙofar gida yake bayarwa, kuma can ya kamata ta tsaya.

Akwai abubuwa biyu da ƙasar Hausa ba za ta manta ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya taso daga Jidda da alhazai. Legas ya nufa, yanayi ya sa aka karkato da shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, wuta ta kama. Cikin mutum 202, mutum 176 suka rasu. Na biyun ya fi kusa da Adar, don Sakkwato maƙwabciya jirgin ya nufa. Ranar 11 ga Yuli 1991, DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, shi ma haya, ya tashi daga Jidda da mutum 261. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. An san da haka tun jirgin yana tsaye, amma gudun jinkiri ya sa aka sallame shi. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar. Ba wanda ya tsira.

Wannan haɗari a farfajiya aka shuka shi, lokacin da jirgin ke tsaye lafiya ƙalau ga idon mai kallo. Fasinjan da ya ga makaniki ya durƙusa gaban taya ya ƙi tashi, ya fara ɗaga murya kan ɓata lokaci, da ya san labarin 1991 da ya yi masa addu'a.

Sauka tana da nata jarabawar, kuma ta fi ta hawa wuya, don zumuɗi ya shigo. Alhaji ya yi wata guda a ƙasa mai tsarki, ga uwar jaka, ga ƙaramar jaka, ga buta, ga tsarabar jikoki. Matakalar ƙarfe ce mai tsayi, iska na kaɗa ta, babbar riga na shiga ƙarƙashin takalmi. Hannu ɗaya na ƙarfen riƙo ne, komai yawan kaya, kuma yaro hannunsa a hannun babba. Wani da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya faɗi ya yi sujadar godiya a gindin matakala, mutum ɗari uku na bayansa suna gangarowa. Niyyar ba mai aibata ta. Wurin ne ba nata ba, ga masallaci can a ciki. Wani kuma ya ja da baya yana ɗaukar hoton jirgi don 'yan gida, idonsa a waya, bayansa ga motar kaya. A Yamai ma abin ya wuce batun haɗari, don filin yana maƙwabtaka da sansanin sojan sama, kuma jandarma ba ya wasa da kyamara. Tayoyin jirgin da ya sauko yanzu kuwa birkinsu na iya gasa nama, ba a raɓarsu.

In kuma abu ya ɓaci aka ce a fice, kaya ba sa cikin lissafi. Ba a ba babban jirgin fasinja takardar aiki sai an gwada cewa kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofinsa kawai. Ranar 2 ga Janairu 2024, jirgin Japan Airlines ya kama wuta a filin Haneda na Tokiyo bayan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi, mutum 379 da ke cikinsa duka suka fita da rai, hannu rabbana, ba mai jan jaka.

Dokokin nan ba na Yamai ba ne ko na Kano. Tushensu yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin sama ta duniya da ke Montreal, shi ya sa layin da aka hana maniyyaci ƙetarewa a Yamai zai tarar da irinsa a Jidda da Madina. Abin da ya rage a nan gida shi ne harshe. Allunan filin jirgi da Faransanci da Ingilishi suke magana, jar fitila kuwa ba ta magana da kowane harshe sai an koya wa mutum. Ana tara maniyyata bita kafin tafiya, a koya musu ɗaura harami da ɗawafi da jifa, har da ɗan ɗakin Ka'aba na katako ana zagayawa. Hukumar alhazai ta COHO da kamfanonin jigila da malaman bita su ƙara rabin sa'a a kan wannan, da Hausar Adar da Tamashak, a zana jirgi a ƙasa da toka, a nuna inda inji yake da inda ake bi. Gidajen rediyon karkara na Buza da Keita da Madawa su maimaita shi a makon da za a fara jigila, tun maniyyaci yana Allakaye bai hau mota ba.